Rasuwar Baki-Shida, Mai Ciyar da Barkonon Sito

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙaurin roba, Baba Manomi na hawa na uku yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar amininsa kuma abokin nomansa, soket ɗin jona wuta da aka fi sani da Baki-Shida. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi a ƙarƙashin kantar sito, bayan doguwar jinya da gajeren tartsatsi. Ya rasu yana da wata uku da kwana tara a bakin aiki.

Ga wanda bai sani ba, Baba ya yi shekara arba'in yana noma kafin gwiwa ta ce ta gaji. 'Yarsa, malamar jinya, ta ɗauko shi ta ajiye a bene, inda ba wata ƙasa sai wadda ta maƙale a takalmi, ta ba shi kujera mai laushi da talabijin. Baba ya kalli talabijin kwana uku, ya ga ba abin da ke tsirowa a ciki. Sai ya kwashe tarkacen sito, ɗakin da ko taga babu, ya jera bokitan fenti, ya huda gindinsu, ya shuka irin barkonon da ya zo da shi ƙulle a tsumma. Ƙwaya goma sha biyu ya binne, tara suka fito. Da yake rana ba ta leƙa siton, sai aka ciro marigayin daga bayan talabijin aka naɗa shi mai kula da hasken gona.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaide shi da karamci. Bai taɓa korar baƙo ba. Baki shida gare shi, kuma ba a taɓa ganin ɗaya ya wuni a buɗe ba: fitilun shuka uku, fankar da ke kaɗa ganye, ɗan famfon ban ruwa, da rediyon da Baba ya rantse barkono na son saurare. Idan aka kunna shi da safe sai ya ce "ƙyas", jar fitilarsa ta haska, daga nan ba ka ƙara jin bakinsa sai wani ɗan "zzzz" na mai haƙuri, wanda Baba ya ɗauka waƙar aiki ce.

Lissafin Baba a kan wuta irin lissafinsa ne a kan amalanke: in dai da sauran wuri, a ɗora. Da baki shida suka cika, sai ya zare rediyo ya jona wani soket mai baki huɗu, marigayin ya samu ɗa. Ba a yi sati biyu ba ɗan ma ya haihu. Haka Baki-Shida ya wayi gari da jika, yana ciyar da baki goma sha biyu ta waya ɗaya tal wadda ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba, bai taɓa kai ƙara ba.

Ciwon ajali ya soma da zazzaɓi. Baba ya ɗora bayan hannu a jikinsa kamar mai taɓa goshin yaro, ya ji zafi rau, hankalinsa ya tashi. Nan da nan ya samo 'yar fanka ya saita ta a kan majiyyacin don ta yi masa fifita, ya kuma jona ta a jikin majiyyacin. Zazzaɓi ya ƙaru. Baba, da yake mutum ne mai tausayi, ya ƙaro fanka ta biyu. Rannan marigayin ya suma, fis ɗinsa ya ƙone. Baba bai kira kowa ba, ya ɗauko sukudireba ya yi masa tiyata da kansa, ya cire fis ɗin ya naɗa zaren tagulla a gurbinsa. Majiyyaci ya farfaɗo, Baba kuwa ya yi kwana bakwai yana taƙama cewa aikin asibitin 'yarsa a wurinsa ta gada.

Ranar Talata gari ya yi sanyi, ga shi ɗaya daga cikin barkonon ya fitar da furen fari. Baba ya ji tsoron kada furen ya zube, sai ya jona hita a bakin jikan. Kalaman marigayin na ƙarshe, kamar yadda Baba ya ji da kunnensa, su ne "zzzz, tas, tas, fus". Hayaƙi ya turnuƙe, 'yarsa ta fito da gudu da takalmi ƙafa ɗaya ta kashe wutar gidan gaba ɗaya, Baba kuma ya fito rungume da bokiti biyu yana tari.

Mai gyaran wuta ne ya duba gawar. Ya juya ta, ya shinshina, ya ce, "Baba, ba baki ake ƙirgawa ba, nauyin wutar da waya za ta iya ɗauka ake dubawa. Hitar nan kaɗai ta isa ta gama da shi. Ina fis ɗinsa?"

"Na yi masa aiki," in ji Baba.

"To ai aikin ne ya ƙarasa shi. Fis ɗin nan shi ke mutuwa don gida ya rayu. Ɗakin nan layinsa yake so shi kaɗai, waya mai kauri tun daga mita, da abin yanke wuta, soket kuma a bango can sama, ba a ƙasa inda kake ban ruwa ba."

'Yar ba ta tsaya jin sauran ba. Ta fita ta dawo da kwaɗo a hannu. "Baba, wallahi yau siton nan sai kulle. Gida za ka ƙona mana da kai a ciki saboda barkonon da ke jibge a kasuwa?"

Baba bai yi musu ba, don ya san gaskiyarta. Ya laluba aljihu ya ciro tsumman da irin ya zo a ciki, ya miƙa mata. Ƙyallen zane ne mai ruwan ganye, kuma ta gane shi tun kafin ta karɓa. Ya ce, "Wannan babu shi a kasuwa, 'yar nan. Na ƙarshen da mahaifiyarki ta ware ne da hannunta kafin ta rasu. In waɗannan suka bushe, shi ke nan."

Ta daɗe tana kallon ƙyallen. Sannan ta ajiye kwaɗon, ta sunkuya ta ɗauki bokitin mai fure, ta wuce da shi ɗakinta inda taga ke kallon gabas.

Marigayin ya bar ɗa ɗaya da jika ɗaya, duka suna kwance da ƙuna, da fitilu da suka rasa mai ciyar da su, da fanka biyu masu jinya da har yanzu ba su san laifinsu ba, da hita wadda iyali suka nemi kada ta halarci zaman makoki. Ya kuma bar marayun barkono tara.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe, lokacin da mai sayen tsofaffin ƙarafa ke wucewa. Wayar marigayin dai ba za ta bi shi ba, an yanka ta gunduwa-gunduwa don ɗaure marayun a jikin sanda. Kwaɗon nan yanzu yana jikin akwatin da aka zuba sukudireba da zaren tagullar Baba, makullin yana jakar 'yarsa, wadda aka gani jiya tana riƙe wa mai gyaran wuta bakin igiyar awo a bangon sito. Masu zuwa ta'aziyya su yi haƙuri da tsayuwa, domin duk kujerar da ke kusa da taga bokiti ne a kanta. Ana roƙon duk mai tagar da rana ke shiga ya ɗauki riƙon maraya ɗaya na sati guda, har a gama jan sabuwar waya. Takwas ne za a raba. Na taran, mai furen, kada kowa ya wahalar da bakinsa: 'yar gidan ta ce ba ta ba da riƙon ƙaninta.