Ranar da Na Kai Bindigata Gidan Sulhu

Jiya na fita da bindiga a kafaɗa, da niyyar zama mutum na farko a duniya da ya ajiye makami don ra'ayin kansa. Da yamma na dawo da abata.

Kun dai san mu a Geneva, duk namijin da ya yi horon soja ƙasa kan ba shi bindiga ya ajiye a gida. Tawa tana cikin kabad, tsakanin kwat ɗina na zuwa coci da rigunan matata Honorine. Ita kuwa 'yar tsallaken iyaka ce, yayyenta biyu sun tafi babban yaƙin duniyar nan ba su dawo ba, tun daga nan take buɗe kabad ɗin da fuska a kauce. Ni kuma da shegen bakina, shekarar da manyan duniya suka zo suka kafa gidan sulhunsu a bakin tafkinmu, na bugi ƙirji na ce mata, "Sha kuruminki. Sun ce za a tattara makaman duniya kaf. Da sun yi kira, ni ne a gaba." Lokacin ɗanmu Gaspard ko igiyar takalmi bai iya ɗaurawa ba. Ga shi har ya yi gashin baki ya tafi sansanin horo, kira kuwa shiru kamar an shuka dusa.

To jiya da safe ta dire mini kofi ta ce, "Firmin, ko ƙarfen nan ya bar mini ɗaki, ko ni in koma wurin ƙanwata a Annemasse. Zaɓi ɗaya."

Na zaɓa. A matakala na ci karo da maƙwabcina Anselme mai gyaran agogo.

"Ina zuwa da amarya, yau ba Lahadin gwajin harbi ba?"

"Gidan sulhu zan kai ta."

"Ta gwamnati ce fa, ba gadon tsohonka ba. Ranar duba kaya me za ka nuna wa sajan, tsintsiya?"

"Ai can ma gwamnatoci ne. Su sasanta kansu."

"Wanzami ba ya son jarfa," in ji shi. "Ka gai da su."

A taragon jirgin cikin gari babu wanda ya kalle ni, sai wata tsohuwa da ta ce in kula mata da ƙwai. Wasu baƙi biyu masu doguwar hula ne dai suka sauka tun ba su kai inda za su ba.

A gidan sulhu wani Mai Girma Sarkin Murmushi ya tarbe ni, gashinsa sai sheƙi. Na ce na kawo makami.

"Madalla. Wace ƙasa kake wakilta?"

"Hawa na uku, ƙofar hagu."

Ya ce su ƙasashe kaɗai suke saurara, amma tun da na sha hanya zai wayar mini da kai. Akwai babban zaure inda kowace ƙasa ke da ƙuri'a ɗaya, sai dai da kaka yake zama, kuma sai kowa da kowa ya yarda. Ƙasa guda ta ɗaga yatsa, magana ta mutu.

"Babu wani ƙaramin zaure, ranka ya daɗe?"

"Akwai majalisar manya, masu kujerar din-din-din. Su ma sai sun yarda dukansu."

"Har da wanda aka kawo ƙararsa?"

"Ana kan nazarin wannan."

"To ku fa, mene ne naku?"

"Mu magatakarda ne. Muna rubuta abin da ba a yarda ba, cikin harsuna biyu."

Daga nan aka tura ni kwamitin makamai, wurin Mai Martaba Wakilin Jinkiri. Ya ɗaga tabarau ya leƙa bindigar daga nesa, ya ce ta kai hari ce ko ta kare kai? Na ce ya danganta da gefen da mutum ya tsaya. Ya miƙe ya kama hannuna har da girgizawa, wai daidai nan ƙwararrunsu suka maƙale tun bara, kuma zai miƙa ra'ayina ga ƙaramin kwamiti. Na ce to ya riƙe mini ita kafin nan. Ya ja da baya, ya ce in ya karɓi tawa bai karɓi ta Anselme ba, daidaiton ƙarfi ya rushe a benenmu. Ban san lokacin da na ba shi labarin Anselme ba, amma na sara masa.

Kada a ce ban yaba ba. Darduma mai laushi, kujeru ka zauna ka manta sunanka, kuma tun da aka buɗe gidan ba a taɓa harbin kowa a cikinsa ba. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Na hau matakalar gida ina fatan ba ta tafi ba, don gaskiya ina son matar nan, kuma ban iya dafa ko ƙwai ba. Na tura ƙofa na tarar da ita tana zuba miya. Gaspard ne zaune a tebur, an sallame su daga horo, kai a aske, yana ta ba ta labarin yadda ya fi kowa saiti. A jingine da bango ga tasa bindigar nan sabuwa dal, ko maiƙon bai bushe ba.

Na raɓa kusa da ita na ce a hankali, "Ba ki tafi ba?"

"In tafi in bar wa wa shi?" Ta ƙara wa yaron burodi, ba ta dube ni ba. "Taka ta tsufa, kai ma ka tsufa, babu mai neman ku. Wannan kuwa shekarunsa ɗaya da yayana Lucien ranar da muka raka shi tasha."

Ta je ta kwashe rigunanta daga kabad ta zuba a kwando, ta ce yanzu fili ya ishi bindigogin biyu.

Na gaya wa Anselme yau da safe cewa aikin rage makamai a gidana ya tashi daga ɗaya zuwa biyu. Ya ce ai haka lissafin yake a manyan ƙasashe ma. Don haka a isar mini ga masu girma cewa hawa na uku, ƙofar hagu, ba a bar mu a baya ba.