Wa Zai Wanke Rigunan Asibiti?

Na amsa laifina. Ina jami'in sayayya a wani ƙaramin asibitin gwamnati a garin Greenbelt, can ƙasar waje, aka ce mu rage shara. Ban shawarci kowa ba, na soke odar rigunan takarda na marasa lafiya, na sayo na yadi masu wankuwa. Har na buga wa matata waya Kano ina cika baki.

Shugabar nas-nas ta ɗaga ɗaya, ta ce, "Wa zai wanke?"

Ni a zatona mai wanki yana kowane layi, kamar Fagge. Ashe babu, wankin ya dawo kaina.

Asabar shida na yi a shagon wanki ni kaɗai, ina kallon inji yana juyawa. Can Issa, direba ɗan Maraɗi, ya gan ni. Har yau shi kaɗai ke kirana yana tsokanata: "Alhaji, nawa kake wanke babbar riga?"