Abin da Na Rubuta a Littafin Konsula

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu ta Roumdé Adjia ba za su bari ba.

Innata 'yar wata ƙasa ce maƙwabciyarmu, aure ne ya kawo ta Garoua, kuma har yau takardun ƙasarsu take riƙe da su. Sai ga bikin jikarta ta fari ya taso a can, ranar Asabar. Muka ɗauko fasfo, ashe ya mutu tun bara. Mafita ɗaya ce: a je ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarsu da ke nan garin, wanda kowa ke kira konsula, a karɓo mata takardar wucewa. In babu ita, Inna ba za ta ga auren yarinyar da ta goya ba. Na bugi ƙirji na ce a bar mini. (A gidanmu ni ne mai Faransanci. Na yi lise, wato sakandare, har ajin ƙarshe, kuma ban taɓa barin kowa ya manta da hakan ba.)

Ranar Litinin na kai takardu, aka ce in dawo Talata. Talata na koma, sakatariya ta ce sa hannun konsul, shugaban ofishin, kawai ya rage, amma ya tafi gidan yari duba wasu 'yan ƙasarsu da aka tsare, daga can zai wuce asibiti. Na dawo gida hannu biyu. Inna ta riga ta ɗaure kayanta, tana zaune kusa da jaka, kallona kawai ta yi. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Laraba na saka babbar riga na hau moto, wato babur, ina ta jera zafafan kalmomi a raina. Da na shiga na tarar da ofishin tsit, kowa fuska ba annuri. Na ce lallai sun ga ɓacin raina. Mai gadi ya nuna mini wani tebur a zaure, ya ce a hankali littafin yana can. An shimfiɗa farin ƙyalle, ga furanni, ga hoton wani dattijo da baƙin zare a kusurwa, ga ƙaton littafi a buɗe a sabon shafi. Hoton bai dame ni ba, ai kowane ofis da hoton babbansa. Littafin kuwa nan take na yanke cewa na ƙorafi ne, har na yaba musu a zuciya da suka ƙawata shi haka.

Na zauna na gyara hannun riga. Ban juya shafi ko ɗaya baya ba. Na cika shafin nan tun daga sama har ƙasa: kwana uku ana yi mini wasa da hankali, mahaifiyata tsohuwa ce, biki saura kwana uku. Na rufe da kira ga mai wannan hoto da ya tashi tsaye ya ga abin da ake yi a ofishinsa. Na ja layi biyu a ƙarƙashi, na sa sunana da lambar wayata. (Faransancin ya yi kyau, wannan kam ba zan ɓoye ba.)

Ina miƙewa sai na ga mutane a bayana. Baffa ne, ƙanin mahaifina kuma shugaban 'yan kasuwar unguwarmu, da dattawa biyar, ga konsul da kansa yana musu rakiya. Baffa ya ji daɗin ganina ƙwarai.

"Madalla, ɗana, ka riga mu ta'aziyya. Allah ya jiƙan tsohon konsul, mutumin kirki ne."

Na kalli hoton, na kalli baƙin zaren, sai a lokacin na gane littafin ta'aziyya na cika da ƙorafi. Baffa bai tsaya nan ba. Ya shaida wa konsul cewa ni ne mai ilimin gidanmu, don haka ba sai sun wahala ba, za su sa hannu a ƙarƙashin nawa a madadin 'yan kasuwa. Sai dai ya roƙi a fassara musu tukuna.

Konsul ya sunkuya ya karanta. Ina kallon idonsa yana gangarawa layi bayan layi, har ya isa wurin layuka biyun nan ya tsaya. Leɓensa ya ɗan motsa, ya yi tari. Sannan ya ɗago ya ce da Hausarsa mai sanyi, "Alhaji, ɗanku ya nuna cewa marigayi mutum ne da ake kai wa kuka, har bayan ransa."

Dattawa suka ce Allahu akbar, Baffa har da share ido. Ranar na san abin da ake nufi da aikin jakadanci, kuma na so mutumin nan har cikin raina. Da a nan aka tsaya da na tsira. Amma cikin dattawan akwai Malam Haruna, tsohon malamin makaranta, wanda ya zaro tabarau lokacin da aka miƙa masa biro. Kafin la'asar babu rumfar da labarin bai shiga ba.

Da suka fita na roƙi konsul a yage shafin. Ya ce ba zai yiwu ba, shafukan da lamba suke, kuma littafin gaba ɗaya za a aika wa iyalan mamacin. Takardar Inna kuwa, ya ce tun yammacin Talata ya sa hannu, tana wurin sakatariya. Da na leƙa tagar sakatariyar na tambaya, da tuni ina gida. Inna ta yi tafiyarta ranar Alhamis, ta sha biki, ta dawo da tsaraba.

Bayan kamar wata biyu, ina shago, wata baƙuwar lamba ta kira ni. Muryar tsohuwa ce. Ta ce ita ce matar marigayin, jikokinta sun karanta mata littafin duka, kowa yabo yake yi, shafina ne kaɗai ya ba ta dariya tun da aka yi rasuwar. Na fara kame-kamen ban haƙuri, ta katse ni.

"Ɗana, bar wannan. Da yana da rai da tuni ya saka takalmi ya fita nemo muku takardar. Ni dai faɗa mini, mahaifiyarka ta sami takardar?"

Na ce ta samu, Hajiya. Ta ce to alhamdulillahi, yanzu hankalinta ya kwanta.

Har yau Baffa bai daina gabatar da ni a matsayin mai ilimin gidanmu ba, sai dai yanzu yana yi yana kallon gefe. Ni kuma na gane cewa makarantar da na yi rubutu ta koya mini da kyau, karatun ne na baro a can. Ko rasit aka miƙo mini, sai na juya bayansa na duba kafin in taɓa biro.