Bulutut ɗin da ya suma a Ngong

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Ngong ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a Garwa, kuma a danginmu ni ake kawo wa waya in ta rikice. Wannan ya sa kaina ya ɗan kumbura.

Mun sha musu da Yaya Sale, ɗan wan mahaifina, mahauci a babbar kasuwa. Abin da ke ba shi haushi da wayoyin yanzu shi ne, ka jawo allo ka taɓa alamar bulutut, ta dushe kamar ta mutu, gari na wayewa ka tarar ta farka da kanta. A cewarsa, wayar da za ka ce ta kwanta ta ƙi, ba taka ba ce, aro aka ba ka. Ni kuwa sai in gyara zama in kare masu ƙera ta: sun san ɗan Adam da mantuwa, sauƙi suka yi mana, mai son kashewa ta gaske ya shiga can cikin saiti. (Ni kaina ban taɓa shiga ba, amma ban gaya masa wannan ba.)

Matata Jenabu Bafulatana ce, 'yar Ngong. Shekara shida da aurenmu mahaifinta bai taɓa cewa uffan a kan Fulatancina ba, wanda bai wuce gaisuwa da cinikin nono ba, kuma shirun nan nasa ya fi zagi damuna. Da ƙaninta ya sauke Alƙur'ani aka sa ranar walima, sai bakina ya ja mini. Na aika wa surukina cewa ni zan yi wa baƙi jawabin godiya da Fulatanci, wanda na koya da kaina. Gaskiyar magana, Jenabu ce ta naɗa mini jawabin a waya, jimla bayan jimla, ina haddacewa.

Ranar Juma'a da la'asar aka kawo sifikar haya, aka rasa mai gwada ta. Wa za a kira in ba ni ba? Na haɗa ta da wayata, na sa karatu, ta yi ƙara tangaran. Na jawo allo na taɓa alamar, ta dushe, na jefa wayar aljihu.

Washegari da hantsi ƙofar gida ta cika da malamai da dillalan shanu da dattawan unguwa. Yaya Sale ma ya zo, shi ya yanka bijimin. Kafin a kira ni na zagaya bayan katanga don in yi bita, na tsaya dab da janareta, da dabarar kada kowa ya ji ni. Na danna jawabin da Jenabu ta naɗa, na kara wayar a kunne, shiru. Na ƙure murya, na sake dannawa, shiru. Sau uku ina yi ina tsaki, kafin na haƙura na koma.

Na tarar da taron tsit, kowa na kallon tabarma. Na ɗauka girmamawa ce. Na karɓi makirfo, jimlar farko ta fita, ta biyu ta fita da ƙyar, ta uku ta ɓace ɓat. Sai wani tsoho a sahun gaba ya faɗa mini ita, kalma bayan kalma. Na yi mamaki, amma na maimaita. A ta biyar na sake kakarewa, sai na tuna shawarar da Jenabu ta rufe saƙon da ita. Na yi tari, na ce "Useko", wato na gode, na zauna.

A nan ne taron ya fashe. Har liman sai da ya rufe baki da rawani.

Yaya Sale ya ja ni gefe, ya ce kowa ya ji jawabin sau uku daga sifika, da muryar matata, har da ƙarshensa. Ƙarshen kuwa na san shi sarai: "Baban Amina, wallahi akuyar Baba ta fi ka jin Fulatanci. In ka kakare, ka yi tari, ka ce useko, ka zauna."

Na ce ai na kashe bulutut tun jiya.

"Mesiye," in ji shi, yadda ake kiran malaman boko a wajenmu, "ba yankawa ka yi ba, suma ya yi. Ni da na yanka bijimin can, ka ga ya tashi?"

Kunyar da na ji ta hana ni cin naman. Jenabu kuwa ta wuni a ɗakin mahaifiyarta, ta ƙi fitowa. Surukina ya ci gaba da sallamar baƙinsa, kamar ba abin da ya faru. Sai da za mu kama hanyar Garwa ya sa aka ɗaure wata jar akuya aka saka mana a bayan mota. Ya sunkuyo ta taga, ya ce mini da Hausa, a natse: "Ka tafi da ita, ta riƙa taya ka karatu."

Akuyar na nan, ta haihu sau biyu, kuma yara Malama suke kiran ta. Musu da Yaya Sale na daina. Yanzu in zan kashe abu a waya, har cikin saiti nake bin sa, in tsaya a kansa kamar mahauci sai na ga ya daina motsi.