Kifin da Ya Tafi da Ƙugiyar Baba

"Na dawo!"

"Sannu da dawowa, sarauniyar masunta. Ina motar da ta ɗauko kifin? Ko tana baya?"

Haka Baba ya tarbi 'yata Minori, ko takalmin ruwa ba ta cire ba. Ni ina madafa ina wanke shinkafa, ina jin su. Tun hantsi tsohon nan yake zaune a bakin ƙofa wai shan iska yake, alhali kunnensa na can hanyar dutse, yana jiran ƙarar 'yar ƙararrawar da take ratayawa don korar namun daji. Shayin da na kai masa har ya huce bai taɓa ba.

Bari in gaya muku abin da ke cinsa, don shi ko za a yanka shi ba zai faɗa ba. Innarmu Tokiko 'yar Akadani ce, can bayan dutse. Da aka kawo ta nan tana amarya, kewar gida ta hana ta sakat. Sai Baba, lokacin da ƙarfinsa, ya tsallaka dutsen da guga na katako, ya ɗebo 'ya'yan kifin iwana daga rafin garinsu, yana sauya musu ruwa a kowace ƙorama, ya zo ya zuba su a saman magangarar ruwanmu inda kifi bai taɓa hawa ba. Wai ga 'yan garinku nan na kawo miki. Iwanan Akadani daban suke da namu: cikin namu fari ne, nasu kuwa ja. Daga baya madatsar ruwa ta haɗiye Akadani, Inna ta rasu, bara kuma guguwa ta zaftaro ƙasa a kan rafin. Tun daga nan ba wanda ya hau. Gwiwoyin Baba sun ƙi. Kafin ƙanƙara ta sauko yayana zai zo ya tafi da shi birnin Toyama kusa da asibiti, shi kuma ya kafe, wai ba inda za shi sai ya san ko kifayen nan suna raye. Yau ce ranar ƙarshe kafin a rufe kamun kifi na bana, shi ya sa ya tura jikarsa. Zancen jan cikin kuwa bai taɓa yi mata ba, ni ma ya hana ni, don kada ta zo masa da ƙaryar tausayi.

Amma fa kada ku zaci zai tambaya kai tsaye. Ina!

"Kaka, matsa in wuce, ka cika ƙofa kamar buhun shinkafa."

"Buhun shinkafa yana da amfani. Ke fa? Buɗe kwandon in gani."

"Ba komai a ciki. Mu 'yan zamani sakin kifi muke yi."

"Af, na manta. Ku kama, ku yi masa sannu, ku ba shi haƙuri, ku sake shi. To yau nawa kika ba haƙuri?"

"A ƙasan gada na kama kifin nan mai launin bakan gizo. Kaka, da ka ga tsalle! Har sama da kaina. Duk cikin kifayen ruwan sanyi ba wanda ya kai shi faɗa."

"Wannan baƙon da aka kawo daga ƙetare? Ai ba faɗa yake ba, ihu yake. Irinku ne 'yan birni, ƙaya ta taɓa ku sai tsalle da kiran likita."

"Sandar ƙugiyata sai da ta lanƙwashe."

"Sandarki ko ɗan tsako ya sauka a kai lanƙwashewa za ta yi."

"To kifin yamame fa? Shi ma na kama, mai zanen nan a jiki. Kafin ka ƙifta ido ya fizga ya juya."

"Yamame ɗan kwalliya ne. Fizga ɗaya, biyu, sai ya tuna kada jikinsa ya ɓaci, ya miƙa wuya. Kamar saurayin nan naki mai shafa mai a gashi."

"Kaka! Ba saurayina ba ne."

"Gara dai. Hannunsa ko igiya bai taɓa ɗaurewa ba."

"Kai da hannunka yake rawa, ƙugiyar da ka ba ni ma kamar ƙwaron da mota ta taka."

Nan na leƙo, don wannan ta taɓa shi. Ƙugiyar nan ita ce ta ƙarshe da ya naɗa da hannunsa, da gashin wuyan zakara da baƙin zare daga akwatin ɗinkin Inna, ta fito kamar ƙwaro mai faɗowa ruwa. Wuni guda ya yi a kanta, yana kuskure yana warwarewa yana zagin fitila.

"Ƙwaron da mota ta taka shi kifi yake so, jahila. Mai kyau masunci yake ruɗa, mummuna kifi."

"Shi ya sa Kaka Tokiko ta aure ka ke nan."

"Kakarki ta fi ki ido. Ke kin san ni kuwa a da? Na taɓa kama iwana da ya ja ni daga nan har gindin haikali. A ƙafa na tafi, a kan ruwa na dawo."

"Bara ka ce har bakin gada ne."

"Kifin girma yake yi."

"A cikinka?"

"A cikin tarihi, marar kunya."

Ta zauna a dandamali tana zare takalmi, a hankali kamar da gangan. Wandonta duk laka har cinya, gwiwar hannunta a ƙuje. Na ga idon Baba ya sauka kan lakar. Jar ƙasa ce, irin ta saman dutse. Ya kau da kai yana murza gwiwa.

"Ai iwana ba ya tsalle," in ji shi, muryar ta ɗan sauka. "Ba ya nuna kansa. Ƙasa yake yi, ya shige ƙarƙashin dutse ya ce sai dai ki zo da kanki. Wannan shi ne faɗa. Amma ke ina za ki sani, tunda a gindin gada kika wuni kina ɗaukar kanki hoto."

"Wa ya ce a gada na wuni?"

"To ina za ki? Hawan magangara ba na masu farcen ado ba ne."

"Na hau."

"Da jirgi?"

"Da hannu da ƙafa, da zagin ka a kowane dutse. Kaka, hanyar nan da ka kwatanta min babu ita. Itacen da ka ce in riƙe ya faɗi, tafkin farko ya cike da tsakuwa. Na biyu ma haka."

Baba ya daina murza gwiwa. Ni ma na tsayar da hannu a cikin shinkafa. Kewar Inna ta taso min.

"To," in ji shi. "To. Dama na sani. Ruwa ne kawai."

"Tsaya mana, tsoho, ka cika gaggawa. Can sama, inda dutse ya yi rumfa, akwai wani ɗan gurbi, bai fi bahon wankanmu ba. Na jefa ƙwaron naka don dai in ce na jefa."

"Sai ya maƙale a reshe."

"Sai aka ja."

Ta zaro zaren ƙugiyar daga aljihu ta ajiye masa a cinya. Ya tsinke daga ƙarshe, babu ƙugiya. Ya ɗaga shi kusa da ido yana juyawa.

"Wannan kowa zai iya yi da haƙori."

"Kai da ba ka da su ina ka sani? Ƙasa ya yi da ni, Kaka. Ba tsalle, ba komai. Na ja, ya ja, na durƙusa cikin ruwa ina roƙonsa. Na taso da shi har na ga ya juya, sai ya koma ƙarƙashin dutsen, ɗas! Ya tafi da ƙugiyarka."

"Ya juya, kika ce?" Baba ya yi kamar yana kaɗe ƙura daga riga. "Kin ga farin cikin nan nasa ke nan, irin na iwana."

"Wane fari? Ja ne wur, kamar garwashi. Har na zaci ciwo ne da shi. Ƙanana ma da suka watse a gefe duk haka suke."

"Ƙanana?"

"Birjik."

Wayyo, ban san lokacin da na zauna a ƙasan madafa ba. Baba kuwa sai ya fashe da dariya, irin wadda rabona da jin ta tun Inna na raye, yana dariya yana share ido da bayan hannu.

"Ciwo! Ji jahila, wai ciwo! Dangin kakarki ne, yarinya. Kin je gidansu ba gaisuwa, ba tsaraba, ai dole su ƙwace abin hannunki."

"To na yarda, iwana ya fi faɗa. Ka ji daɗi?"

"Ba kowane ba. Na Akadani. Shekara da shekaru ina tare da ɗaya a gidan nan, ban taɓa cin ta da gardama ba."

Ya nuna saman ƙofa da sandar tafiyarsa, inda gorar kamun kifinsa take rataye, wadda ko ni bai taɓa bari na taɓa ba.

"Sauko da ita. Ki yar da wancan tsinken naki."

"Kaka, da gaske?"

"Aro ne. Ranar da kika dawo min da ƙugiyata ta zama taki."

"Ai sai baɗi."

"To sai ki hau baɗi, ki zo Toyama ki ba ni labari. Ki ƙara masa tsawo kaɗan, ba na son labarin kifi a bushe." Ya ɗaga murya ya kira ni. "Yoshie! Kira yayanki, ki ce ya zo ya kwashi kayansa, na yarda zan bi shi."

Daga nan ya dafa kafaɗar Minori ya miƙe, suka taka a hankali zuwa kusurwar da hoton Inna yake. Ya kunna turare, ya ajiye guntun zaren a gaban hoton, kusa da 'yar tasar shinkafar da muke ajiye mata.

"Tokiko, 'yan garinku suna nan lafiya, har da jikoki," in ji shi. "Kuma har yanzu ɓarayi ne."