Yadda Za Ka Kai Wa Abokanka Ziyara Da Gida Mai Taya Har Su Daina Amsa Gaisuwarka

Kai mai karatu, in kana da abokai na shekara da shekaru kuma sun fara yi maka yawa, gyara zama. Mataki bakwai ne. Duk wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya, na ba shi tabbaci, kafin wata ya mutu zai rage aboki ɗaya cif, na biyun kuma ya kai bakin ƙofa.

Ban yi boko mai nisa ba. Aji huɗu na yi aka kai ni koyon walda, saboda haka abin da ban gani da idona ba ba na rubuta shi. Misalan da zan kawo duk na wani mutum ne, Mu'azu mai walda a Wuro Patuji, nan Mubi. Mutane na cewa ni ne, wai don shagonmu ɗaya kuma sunan matarmu ɗaya, Hapsatu. Su suka sani. Ni dai Mu'azu zan riƙa cewa.

Mataki na 1: Samo shawarar a waya

Kada ka tambayi wani mai hankali. Buɗe wayarka ka kalli Turawan nan masu yawo da mota mai gado da murhu a ciki, suna tsayawa bakin dutse suna shan shayi. Kalla sau goma sha, har sai ka ji kai ma an halicce ka don haka.

Sannan ka nemi dalili mai ƙarfi wanda ba za ka gaya wa kowa ba. Na Mu'azu shi ne shekarar gudu, lokacin da 'yan bindiga suka shigo Mubi ta watse. Wata biyar ya yi a zauren wani bawan Allah a Yola, su goma sha ɗaya, ƙafar wani a bakinsa, tasa a bakin wani. An yi musu alheri, ba ya musu. Amma ranar da ya dawo gida ya yi alkawari tsakaninsa da ransa ba zai sake kwana a tabarmar kowa ba. Ko Hapsatu bai gaya wa ba. Ita dai ta lura ko biki suka je sai ya ce a juya kafin magariba.

Mataki na 2: Sayi gawar bas ka tashe ta

Nemi wadda ta gama hayar Yola ta gaji, direbanta ya yafe mata. Cire kujerun baya duka. Haɗa gado da ƙarfen da ya rage daga ƙofofin mutane. Sa katifa, risho, jarka biyu, bokiti, fanka mai sola, da labule. Labulen na ɗakin matarka za ka ciro ranar da ta tafi suna.

A jikin motar ka rubuta da jan fenti: BA HAYA BA CE. Ba zai hana kowa ɗaga maka hannu ba, amma ka fita hakkinsu.

In matarka ta leƙa ta ce, "Baban Sumayyat, gidanmu ya yi mana laifi ne?" ka ce mata mata ba su san ci gaba ba. In ta ce, "To ina makewayi?" ka nuna mata bokiti ka bar wurin da sauri.

Mataki na 3: Fara gwadawa a kan aboki na kusa

Kada ka fara da babban amininka, hannunka bai faɗa ba tukuna. Mu'azu da Ishiyaku ya fara, wani manomi a Sahuda, can bakin iyaka, da suka shekara ashirin suna mutunci.

Ga yadda ake yi. Faka a ƙofar gidansa daidai inda duk unguwa za ta gani. Ku gaisa. In aka kawo kunun gyaɗa ka ce kun zo da ruwan zafinku. In aka ce an ɗora tuwo ka ce kada a wahala, sannan ka kunna risho ka dafa taliya a gaban ƙofarsa, ƙamshi na shiga gidan. In ya ce an share muku ɗaki, ka daki jikin motar ka ce, "Ai da ɗakinmu muka zo. Ba ma son ɗora wa kowa nauyi."

Washegari rabin Sahuda na cewa kuɗin cizo ne ya yi yawa a gidan Ishiyaku, har baƙi ke zuwa da gadonsu. Sauran rabin na cewa a'a, girkin matarsa ake tsoro. Mu'azu ya kira shi sau shida a satin nan, waya na shiga ba a ɗauka. Ya ce wa Hapsatu ai sabis ɗin bakin iyaka haka yake. Ta ce, "Haka ne. Sabis ne."

In ka kai nan, ka ci rabin jarrabawa.

Mataki na 4: Hau babbar hanya

Yanzu sai ka nufi babban amini. Na Mu'azu shi ne Philemon na Michika. Tare suka yi koyon aiki a Mubi suna samari, kwano ɗaya, bargo ɗaya, shekara talatin da ɗoriya ke nan. A shekarar gudu an ƙone gidan Philemon ƙurmus. Ya dawo ya riƙa tayar da shi ɗaki ɗaki da kuɗin wake, kuma tun farkon bana yake kira yana cewa, "Mai walda, ka zo ka ga abin da na yi." Ka riƙe wannan a ranka, don shi ne abin da za ka taka.

A hanya za ka tarar da shinge. Faɗi gaskiya, ita ce ta fi ba da wahala.

"Me ka ɗauko?" in ji ɗan banga.

"Gida."

"Gidan wa?"

"Nawa."

Ya ɗaga labule ya ga gado, tukwane, jarkoki, da Hapsatu zaune ta haɗe rai da ƙullin kaya a cinya. Sai ya rage murya. "Baba, tsakani da Allah, an ji wani abu ne a Mubi?"

Awa guda Mu'azu ya yi yana rantsuwa cewa garin lafiya lau, yawon buɗe ido ya fito. Kafin su bar wurin wata mai tallar ƙwai ta kira ƙanwarta a unguwar Lokuwa cikin Mubi ta ce ta fara haɗa kaya.

Mataki na 5: Tsaya ka kalli abubuwan bakin hanya

Wannan wajibi ne, in ba haka ba me ya raba ka da direban haya. Bayan garin Uba akwai wani dutse da ya hau kan wani dutse ya zauna kamar an aje shi da hannu. Mu'azu ya wuce shi ya fi sau ɗari bai taɓa ɗaga kai ba. Ran nan ya faka, ya ba Hapsatu waya, ya tsaya ya ɗaga tafin hannu sama yadda zai fito kamar shi ke riƙe da dutsen. Haka Turawan ke yi.

Wani tsoho ya fito daga gonar dawa da fartanya a kafaɗa.

"Sannu. Akuya ce ta ɓata?"

"A'a, Baba. Dutse muke kallo."

Tsohon ya juya ya dubi dutsen da kyau. "Me ya yi?"

"Kyau ne da shi."

"Tun kakana yake nan," in ji tsohon, "bai taɓa yin komai ba."

Kafin a gama wannan, mutum ya fi ashirin sun kewaye motar, ba wanda ya kalli dutse. Mata na leƙa taga suna tambayar Hapsatu ko korar su mai gidan haya ya yi. Wata ta ba ta gyaɗa kwano guda ta ce Allah ya kawo sauƙi. Hoton kuwa ya fito, dutsen ya yi kyau sosai, sai dai babu kan Mu'azu a ciki. Hapsatu ta ce rana ce ta hana ta gani.

Mataki na 6: Maimaita abin da ka yi a Sahuda, amma a gaban wanda ya fi ƙaunarka

Sun isa Michika da la'asar. Philemon ya rungume shi, matarsa Elizabet, Maman Precious, ta riƙe hannun Hapsatu tana cewa ta rame. Ko zama ba su yi ba Philemon ya ja shi zuwa ƙarshen gida, ya ciro makulli daga aljihu ya buɗe wata sabuwar ƙofa.

Ɗaki ne da silin da sabon siminti. Gado da zanin da ba a taɓa wankewa ba. A kusurwa ga sabuwar buta da sallaya, a bango kuma an ja kibiya da alli.

"Maman Precious ce ta je ta tambayi maƙwabcinmu inda kuke duba in za ku yi salla," in ji Philemon. "Shi ya yanka mana akuyar da za a dafa maka ma, don ka ci hankali kwance. Wannan ne ɗaki na ƙarshe. Wata huɗu da gamawa, ba wanda ya kwana ciki. Na ce kai za ka buɗe shi."

To a nan ake gane ɗalibin kirki. Mai rauni zai yi shiru. Kai kuwa ka yi yadda Mu'azu ya yi: ka yaba silin, ka ƙwanƙwasa ƙofar ka ce wanda ya yi waldar bai iya ba, sannan ka ce, "Ai da ɗakinmu muka zo. Ba ma son ɗora wa kowa nauyi."

Philemon ya ja shi suka fito. Ya rufe ƙofar, ya mayar da makulli aljihu, ya shige ɗakinsa. Hapsatu ta dubi mijinta irin kallon da ake yi wa tayar da ta fashe a daji, ta bi Elizabet madafa.

Mataki na 7: Karɓi baƙi

Wannan matakin ba ya cikin tsarin Mu'azu. An ƙara masa ne.

Yana zaune a bakin motarsa yana goge risho, sai ga Philemon ya fito cikin kayan zuwa coci, da jaka a hannu. Ya tsaya a ƙofar bas ya tafa hannu.

"Salama alaikum, masu gida."

"Wane irin wasa ne wannan, Philemon?"

"An ce abokina ya yi sabon gida a unguwarmu. Na zo ziyara. Kwana uku zan yi."

Baƙo dai ba a korarsa. Mu'azu ya ce bismilla, ya nuna masa bakin gado. Philemon ya ce a'a, ya buɗe jaka ya ciro 'yar tabarma ya shimfiɗa a ƙasan motar tsakanin jarka da bokiti. Mu'azu ya ɗora shayi ya miƙa masa kofi. Philemon ya ciro filas.

"Na zo da nawa."

Aka miƙa masa burodi, ya ciro nasa. Ruwa ma da gorarsa ya zo. Har suga ya ƙullo a leda. Ya zauna yana kurɓa a hankali, gwiwarsa na taɓa haɓarsa, maƙwabta sun taru suna kallo ta taga. Kofin Mu'azu na nan a hannunsa yana hucewa, ya rasa inda zai aje shi.

"Ko kurɓa ɗaya ka yi mana," in ji Mu'azu. "Mutane na gani. Sai su ce wani abu na sa a ciki."

"Ba na son ɗora wa kowa nauyi."

Mu'azu ya zauna a bakin gado. A ƙarshe ya gaya masa zancen zauren Yola da alkawarin da ya yi, abin da bai taɓa fitarwa daga bakinsa ba. Ya zaci za a tausaya masa.

"Ni a ina ka ji na kwana, otal?" in ji Philemon. "Kan dutse muka yi sati uku, ni da Maman Precious da yara. Dukanmu mun gudu, mai walda. Ni na dawo na gina ɗaki, kai ka dawo ka gina abin gudu." Ya miƙa hannu. "Kawo shayin nan. Ya yi sanyi, kuma ba ka iya haɗawa ba tun muna samari."

Ya shanye tas. Sannan ya sake miƙa hannu, wannan karon makullin mota ya nema. Mu'azu ya ba shi, ya karɓi na ɗaki.

Da ya je ƙofar ya tarar ba ta buƙatar makulli. Elizabet na da wani. Hapsatu ta riga ta yi wanka, ta yi salla, tana zaune a tsakiyar gado da kwanon naman akuya.

"Baban Sumayyat," ta ce, "cire takalmi. Ɗakin mutane ne."

Gargaɗi

Ni na rubuta, amma ba ni na aike ka ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa aboki, ko matarsa ta daina yi masa magana daga Uba har Bazza, ko aka tara masa gyaɗar sadaka a bakin hanya, kada ya zo shagona, ƙofa da taga kawai nake haɗawa. Kuma ban ce kowa zai samu mataki na bakwai ba. Wannan sai mai aboki irin Philemon, kuma ba a sayar da irinsa a kasuwar Mubi.

Masu tambayar ko za a ba su aron motar, ba ta hannun Mu'azu. A motar haya suka dawo shi da Hapsatu, mutum huɗu a kujerar mutum uku. Bas ɗin na Michika ƙarƙashin bishiyar mangwaro, an cika ta da buhunan wake. Philemon ya ce zai mayar da makulli ranar da Mu'azu ya cika kwana goma a ɗakin nan. Ya yi uku. Saura bakwai, kuma na lura ba ya sauri.