Rasuwar Duba-gari, Wayar Baba Mai Fenti

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan karatuna rasuwar tsohuwar wayar gidanmu, wadda muka fi sani da Duba-gari. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin mai gyara, bayan jinyar kwana tara. Shekararta goma sha ɗaya a duniya: takwas a aljihun mahaifina, biyu a gefen gadonsa, ɗaya a hannuna.

Marigayiyar ba ta da wani kyan gani. Fuskarta ba ta cika tafin hannu ba, ga tsaga da ta taso daga kusurwar hagu ta ratsa har ƙasa. A murfin bayanta akwai shatin babban yatsa da shuɗin fenti, wanda kananzir ma ya kasa fitarwa. Yatsan Baba ne. Shekara arba'in ya yi a kan tsani yana rubuta allunan shaguna, har ranar da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, ya sauko bai sake hawa ba.

A shekarar ce na fara koyon gina shafukan intanet. Ni mai buga takardu ce a ofishin wata makaranta, kuma ina neman sana'ar da zan yi daga gida in kasance kusa da shi. Malamarmu ta gargaɗe mu tun farko cewa kallon darasi bai taɓa koya wa kowa aiki ba. Kowane mako biyu mu gina wani abu, mu nuna wa wanda ba zai ji kunyarmu ba. Na fara da Yayana. Duk abin da na tura masa sai ya ce ya yi kyau, wani lokacin kafin shafin ya gama buɗewa.

Aikina na farko shafin wani shagon takalma ne da na ƙago. A kwamfutata ya fito tsaf, har na kira Inna ta gani. Da na buɗe shi a wayar Baba, hoton ya fice ta gefe, rubutu ya hau kan rubutu, sunan shagon ya ɓace ɗungurungum. Ranar ta samu sunanta, domin babu ƙazantar da za ka ɓoye a lungun shafi ba ta tono ta ba.

Daga nan muka yi tsari. In tura aiki da safe in tafi ofis, Baba ya duba da hannun hagu, ya danna wajen ɗaukar murya ya faɗi abin da ya gani. Da yamma in zauna a bakin gadonsa in saurara, shi kuma ya juya fuska bango kamar ba shi ya yi maganar ba. Waɗanda suka san marigayiya za su tuna sautinta: ƙugin da take yi a kan katako, shashshakar lasifikarta, sai gyaran murya, sai "Ya kama? To."

"Uwata, ja a kan baƙi wa zai karanta? Mai wucewa a kan keke ba zai tsaya don ya yi miki alfarma ba."

"Haruffan nan kin cusa su kamar fasinjojin bas. Ki ba su iska."

"Wannan maɓallin don yatsan wa kika yi shi? Sau huɗu na danna, sau huɗu ya kai ni inda ban nufa ba."

Baba bai san HTML ba, bai taɓa jin sunan CSS ba, wato yarukan da ake gina shafi da su. Amma ya san inda ido ke fara sauka, ya san tazarar da ke tsakanin harafi da harafi. Ita kuma Duba-gari ta san nauyi. In na loda mata manyan hotuna sai ta tsaya cak da farar fuska, ta bar ni ina kallon kaina a cikin gilashi har in ji kunya. A wurinta na koyi rage girman hoto. A wurinta na koyi fara gini daga ƙaramar fuska kafin babba, tun kafin Malama ta kai mu wannan darasin. Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba, ko a ranar da nake bukatar a yi mini.

Ba zan ɓoye ba, mun taɓa ɓatawa. Aikina na tara na yi mako uku a kansa, sai duk abin da Baba ya ce shi ne lambobin ba su tsaya a layi ɗaya ba. Na kashe wayar na jefa ta cikin aljihun tebur, kwana biyu ina kai masa abinci ba na zama. A rana ta uku Inna ta ciro masa ita. Da na dawo na tarar da saƙo:

"Shekara biyu na yi ina wanke wa maigidana buroshi kafin ya bar ni na ja harafi ɗaya. Ba ki yi laifi ba, Uwata. Layin ne bai miƙe ba."

Na gyara layin.

Aikina na ashirin da uku na yi shi ne a ɓoye. Na bi tituna ina ɗaukar hoton allunan Baba da suka rage: na mai aski, na mai gyaran agogo, na wani kanti da ya daɗe da rufewa amma allon na nan. Na haɗa su a shafi ɗaya, na tura masa ranar Alhamis da safe. Ya duba, ya ɗauki muryarsa. Da azahar aka kira ni ofis cewa an wuce da shi asibiti. Ranar Asabar Allah ya karɓi abinsa.

Saƙon muryar ya zauna a cikin wayar, minti huɗu da daƙiƙa goma sha biyu. Bai taɓa yin magana mai tsawon haka ba. Shekara guda ina amfani da Duba-gari wajen gwada ayyukana, ina ganin saƙon, ban buɗe ba. In gyara ya faɗa, wa zan nuna wa bayan na gyara? In kuma yabo ne, wanda bai saba yi ba, to na san daga shi babu wani. Malama ta sha ce mini in kwafe muryoyin in adana a wani wuri. Kullum sai in ce gobe.

Ciwon ajalinta ya fara da zazzaɓi. Sai cikinta ya kumbura har murfin ya ɗaga, ta riƙa suma tana farfaɗowa, ranar Litinin ta makon jiya ta rufe ido ba ta sake buɗewa ba. Mai gyara ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya canza batir, ya gasa, ya goge, ya kira wani abokin sana'arsa suka duba tare. A ƙarshe ya cire tabaransa ya shaida mini cewa ɗan ƙarfen da ke riƙe ajiyarta ya ƙone, babu abin da zai fito daga ciki. Da na gaya masa abin da ke ciki, sai ya ajiye sukundireba ya yi mini ta'aziyya irin wadda ake yi wa mutum.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai naɗin salatif, wadda ba ta aiki sai an jingina ta da littafi, kwamfuta ɗaya, shafuka talatin da ɗaya, kowanne ya fi wanda ya gabace shi, da wata sabuwar waya mai faɗin fuska, wadda komai na nuna mata sai ta nuna mini shi da kyau.

Za a yi jana'izarta ranar Asabar bayan la'asar. Batirin za a miƙa shi ga masu tattara irinsa, don ba a binne shi a ƙasa. Gangar jikin za ta zauna wurin mai gyara, wanda ya ce lasifikarta na da sauran rai, zai sa wa wata tsohuwa a tata wayar. Murfin baya yana wurina.

Za a karɓi gaisuwa a falon Inna har kwana uku. Addu'a kuwa a yi wa mai wayar, Allah ya jiƙansa ya haskaka kabarinsa. A ranar jana'izar zan saki shafin allunansa yadda na tura masa shi, ban taɓa ko ɗigo ba. Ina roƙon masu zuwa su taho da tsofaffin wayoyinsu, masu tsaga da masu jinkiri, su buɗe shi a gabana, kada kuma kowa ya ji tausayina. Mutumin da ya yi minti huɗu yana magana ya ga wani abu. Duk wanda ya gano shi, don Allah ya faɗa mini.

Sanarwa daga 'yarsa, a madadin iyali.